Yadda Ruwan Narkarwa Ke Sauya Launin Rini da Ƙyallinsa: Jagorar Gwaji Mataki-mataki

Akwai wani rini da ake kira rinin Reichardt, wanda Karl Dimroth da Christian Reichardt suka gabatar a Jami'ar Marburg ta Jamus a 1963. Idan ka narkar da shi a metanol, ja za ka gani. A etanol sai ya koma shunayya, a asiton kuma kore. Hodar ɗaya ce, daga kwalba ɗaya. Ƙololuwar shan haskensa, wato tsawon zangon hasken da ya fi sha, tana tashi daga nanomita 810 a daifenil ita zuwa 453 a ruwa, wato tana ratsa kusan dukkan hasken da ido ke iya gani. Yawancin rinin oganik ba su kai shi wannan sauyi ba, amma babu wanda ruwan da aka narkar da shi bai taɓa shi. Launin da kake gani a kwalbar gwaji na rinin ne da ruwan narkarwar tare.

Wannan jagora ta ɗalibi ce ko ma'aikacin ɗakin gwaji da ke son auna wannan tasiri da kansa. Auna shi ba wuya. Wahalar tana wajen tabbatar da cewa sauyin da na'ura ta nuna daga folaritin ruwan ya fito, wato yawan rabuwar cajin lantarki a cikin ƙwayoyinsa, domin akwai abubuwa biyar ko shida da ke kwaikwayonsa, kuma da yawan sakamakon da ake rubutawa a nan suke tuntuɓe.

Da farko, san abin da kake nema

Ƙwayar rini tana zaune a matakin ƙasa na makamashi. Idan ta sha haske, elektron ɗinta ya haura matakin sama. Tazarar da ke tsakanin matakan biyu ita ce ke yanke tsawon zangon hasken da za ta sha: babbar tazara na nufin gajeren zango, wajen shuɗi, ƙaramar tazara kuma dogon zango, wajen ja. Ruwan narkarwa yana shiga maganar ne saboda ƙwayoyinsa suna kewaye rinin suna sauke makamashinsa, kuma ba daidai suke sauke matakan biyu ba. Matakin da cajin lantarki ya fi rabuwa a cikinsa, wato mai babban daifol, shi ruwa mai folariti ya fi saukewa.

A yawancin rinin da ke da ɓangare mai bayar da elektron a gefe guda da mai janyewa a ɗaya gefen, irin su Nile red da Prodan da dangin kumarin, matakin sama ne ya fi daifol. Saboda haka ƙarin folariti yana rage tazara, ƙololuwa ta matsa wajen ja. Rinin Reichardt akasin haka yake: cajinsa a rabe yake tun a matakin ƙasa, shan haske ne ke rage rabuwar, don haka ruwa mai folariti yana faɗaɗa tazarar, ya tura shi wajen shuɗi. Haka ma sauyin n zuwa π* yake, wato haurawar elektron da ba ya cikin ɗauri zuwa matakin sama: asiton yana shan haske a kusan nanomita 279 a heksen, amma a ruwa sai ya dawo kusan 265, saboda ruwa ya riƙe elektron ɗin oksijin ɗinsa da ɗaurin haidurojin, wato janyo juna tsakanin haidurojin na ruwan da wannan oksijin.

Sai batun lokaci, wanda shi ne ke bayyana dalilin da ya sa ƙyalli, wato fuloresans, ya fi shan haske jin ruwan narkarwa. Shan haske yana faruwa cikin kusan 10⁻¹⁵ na daƙiƙa. A wannan ɗan lokaci ƙwayoyin ruwan ba su motsa ba, suna nan a tsarin da ya dace da matakin ƙasa. Kamar masu sauraro ne da suka fuskanci mai jawabi, kwatsam ya koma wani gefen ɗaki: sai sun ɗan ɗauki lokaci kafin kowa ya juya. A ruwa maras kauri juyawar tana ɗaukar 'yan fikosakan, shi kuwa rinin yakan yi nanosakan 1 zuwa 10 (nanosakan ɗaya fikosakan dubu ne) a matakin sama kafin ya fitar da haske. Ke nan kafin ƙyallin ya fito ruwan ya gama sake tsari, ya ƙara sauke matakin sama. Shi ya sa hasken da ke fita yake da dogon zango fiye da wanda aka sha. Wannan bambanci ake kira tazarar Stokes, da sunan George Stokes da ya bayyana shi a 1852, kuma shi ne babban abin da za ka auna.

Mataki na ɗaya: zaɓen rini da ruwaye

Idan koyo kake yi, fara da Nile red. Ba ya buƙatar yawa, yana narkewa a kusan kowane ruwan oganik, kuma sauyinsa ido ma yana gani. Jera ƙananan kwalabe ka haska su da fitilar UV, wato hasken da ya fi shunayya gajeren zango, ta nanomita 365 a ɗaki mai duhu. Ta heksen za ta yi ƙyalli mai ruwan ɗorawa da ɗan kore, ta toluwin ta karkata ruwan lemo, ta asiton ta fi ja, ta metanol ja sosai amma hasken ya ragu, ta ruwa kuwa kusan a mace. Wannan hali ne ya sa tun 1985 ake amfani da shi wajen gano ɗigon kitse a cikin ƙwayoyin halitta: yana haskawa a cikin kitse, ya yi shiru a cikin ruwa.

Wajen zaɓen ruwaye, kada ka ɗauki duk abin da ka samu a kan kanta. Raba su gida biyu. Gida na farko waɗanda ba sa bayar da ɗaurin haidurojin, daga maras folariti zuwa mai yawa: saikuloheksen, etil asitet, THF, daikulorometen, asitonaitiril, DMSO. Gida na biyu masu bayarwa: butanol, etanol, metanol, ruwa. Takwas zuwa goma sun wadatar, muddin sun bazu a kan ma'aunin folariti, ba su taru wuri ɗaya ba. Toluwin da dayoksen suna da amfani, sai dai ka sa musu alama tun yanzu, domin sukan nuna folariti fiye da abin da lambar dayalektirik ɗinsu, wato ma'aunin yadda ruwa ke rage ƙarfin janyowa tsakanin caji, ta nuna.

Kowane ruwa yana da iyakar da shi kansa yake fara shan hasken UV, ƙasa da ita ba za ka ga rininka ba. Ruwa da asitonaitiril suna kai ka kusan nanomita 190, metanol 205, daikulorometen 233, kulorofom 245, DMSO 268, toluwin 285, asiton kuwa 330. Idan rininka a nanomita 300 yake shan haske, cire asiton daga jerin tun kafin ka fara. Kubet, wato 'yar kwalbar da ake zuba samfur a sa a na'ura, ma haka: ta gilashi tana toshe haske ƙasa da kusan 330, ta roba kuma asiton da kulorofom da toluwin suna cinye ta. Yi amfani da ta kwatz mai faɗin santimita 1, wadda duk gefunanta huɗu suke garau idan ƙyalli za ka auna, kuma mai murfi.

Kulorofom da daikulorometen da toluwin a cikin akwatin zuƙe hayaƙi ake buɗe su. DMSO yana ratsa fata ya tafi da abin da ke narke a cikinsa, don haka sa safar hannu. Fitilar UV kuma ba a kallonta kai tsaye ba tare da tabarau na kariya ba.

Mataki na biyu: binciki ruwan kafin rini ya shiga

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma a ganina shi ya fi kowanne muhimmanci. Zuba zallan ruwan a kubet, ka auna shan haskensa da ƙyallinsa da irin saitin da za ka yi aiki da shi. Ruwan da ya daɗe a kwalba mai murfin roba yakan kwaso sinadaran da ke ƙyalli a yankin shuɗi.

Karanta takardar da ke jikin kwalbar. Kulorofom na kasuwa ana sa masa etanol, kusan kashi 0.5 zuwa 1 cikin 100, ko amilin, don kada ya lalace. Wannan ɗan etanol ɗin ya isa ya kewaye rini mai son ɗaurin haidurojin ya matsar da ƙyallinsa. Idan kuma kulorofom ɗin ya tsufa a haske, yana samar da asid na HCl, wanda zai hau kan rukunin amin na rininka ya sauya shi gaba ɗaya. THF yakan zo da sinadarin kariya na BHT, mai shan hasken UV. DMSO da asitonaitiril da etanol suna zuƙar danshi daga iska. Idan kana son ganin girman wannan da idonka, ɗiga ruwa a koren haɗin rinin Reichardt da asiton: kana ƙarawa yana barin kore yana komawa shuɗi, sannan shunayya. Busar da ruwayenka da matatar ƙwayoyi ta 3 Å, wato ƙananan duwatsu masu zuƙe danshi, ka riƙa rufe kwalba da zarar ka ɗiba.

A zanen ƙyallin zallan ruwa za ka ga wata 'yar siririyar ƙololuwa. Ba datti ba ce, warwatsuwar Raman ce, wato hasken da ƙwayoyin ruwan kansu suke warwatsawa. A ruwa, idan ka haska da nanomita 350, tana fitowa a 397. Hanyar gane ta: sauya zangon da kake haskawa da shi. Raman tana bin sa, ƙyallin gaskiya kuwa yana nan inda yake.

Mataki na uku: haɗa samfur

Yi haɗin asali mai milimola 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na mol a kowace lita. Nauyin mol ɗaya na Nile red giram 318.4 ne, don haka miligiram 3.2 a mililita 10 ya ba ka abin da kake so. Narkar da shi a ruwa mai saurin bushewa kamar daikulorometen ko asiton. Ɗebi adadi ɗaya ka zuba a kowace kwalba, ka busar da shi da iskar naitirojin har sai siririn fentin rini ya rage a ƙasan kwalbar, sannan ka zuba ruwan da za ka gwada.

Mutane da yawa suna yin haɗin asali a DMSO su riƙa ɗigawa kai tsaye, suna cewa ai kashi 1 cikin 100 ne kawai. A aikin ruwa zalla ana iya yarda da haka idan ba makawa. A ruwa maras folariti kuwa kuskure ne, domin rini mai daifol yana janyo ƙwayoyin da suka fi folariti su taru a jikinsa, sai ya zama abin da ke kewaye da shi ya fi kashi 1 nesa ba kusa ba. Ga shi DMSO ba ya ma gauraya da heksen ko saikuloheksen.

Yawan rinin da za ka sa ya danganta da dokar Beer da Lambert: A = εcl, inda A shi ne yawan shan haske, ε ƙarfin shan haske na rinin, c yawan rinin, l kuma faɗin kubet. A ce ε na rininka 40,000 ne, kubet santimita 1. Maikuromola 10 zai ba ka A na 0.4, daidai da auna shan haske. Don ƙyalli sai ka sirka har A ta sauko ƙasa da 0.1, wato kusan maikuromola 2. Ɗaga kowace kwalba ka duba ta a haske. Idan akwai gurɓata ko ƙananan ƙwayoyi na yawo, rinin bai narke ba.

Mataki na huɗu: auna shan haske

Bar fitilun na'ura su yi kusan rabin awa a kunne. Ɗauki layin tushe da zallan ruwan da samfurin ke ciki, kuma ka sake ɗauka duk lokacin da ka sauya ruwa. Fara da maras folariti ka haura, kana ɗauraye kubet da ruwa na gaba sau biyu ko uku, saboda ragowar metanol a cikin saikuloheksen ya fi ragowar saikuloheksen a metanol ɓarna. Riƙe zafi wuri ɗaya, digiri 20 ko 25, ka rubuta shi.

Kada ka tsaya ga lambar ƙololuwa kawai, dubi siffar zanen. A heksen da saikuloheksen za ka ga ƙananan tudu biyu ko uku a jere, alamar matakan girgizar ƙwayar. A ruwa mai folariti sukan narke su zama tudu ɗaya mai faɗi. Wannan yana kawo matsala wajen kwatantawa: tudun da ya fi tsayi a heksen ba lallai ne ya zama takwaran tsakiyar faffaɗan tudun metanol ba. Zaɓi ƙa'ida ɗaya, ko ƙololuwa mafi tsayi ko tsakiyar nauyin zanen, ka bi ta a duk ruwayen. Idan layin tushe ya ɗago sama a yankin ja inda rinin ba ya shan komai, yana ƙara hawa wajen shuɗi, to warwatsuwar haske ce daga ƙwayoyin da ba su narke ba.

Mataki na biyar: auna ƙyalli

Haska samfurin a ƙololuwar shan haskensa ko ɗan ƙasa da ita, ka fara ɗaukar ƙyalli daga kusan nanomita 10 sama da nan. Faɗin ƙofofin haske da ƙarfin na'urar gano haske su kasance iri ɗaya a duk jerin. Kunna gyaran da ke daidaita jin na'urar, domin yawancin na'urorin gano haske suna raunana bayan nanomita 600, kuma idan ba a gyara ba ƙololuwar rini mai jan ƙyalli za ta bayyana a zango mafi gajarta fiye da gaskiya.

Dalilin da ya sa A ta zauna ƙasa da 0.1 shi ne, idan rini ya yi yawa, na bakin kubet yana shanye hasken kafin ya kai tsakiya inda na'ura ke kallo. Sannan ɓangaren shuɗi na ƙyallin, wanda ya haɗu da yankin shan haske, maƙwabtan ƙwayoyi suna sake shanye shi. Sakamakon shi ne ƙololuwa ta matsa wajen ja ba tare da ruwan narkarwa ya yi komai ba. Rodamin da fuloresin, masu ƙaramar tazarar Stokes, sun fi faɗawa wannan tarko.

Gwaji biyu ne za su tabbatar maka cewa abu ɗaya ne ke ƙyalli. Na farko, sauya zangon haskawa sau biyu ko uku. Bisa ƙa'idar da Michael Kasha ya bayyana a 1950, siffar ƙyallin ba za ta sauya ba. Na biyu, tsayar da na'ura a ƙololuwar ƙyalli ka zagaya zangon haskawa. Zanen da ya fito ya kamata ya hau kan zanen shan haske. Idan bai hau ba, akwai datti mai ƙyalli, ko rinin yana cikin siffa biyu.

Mataki na shida: lissafi

Nanomita ba ta tafiya daidai da makamashi, don haka mayar da kowace ƙololuwa zuwa lambar zango: raba 10,000,000 da nanomita, ka samu cm⁻¹. Ɗauki Prodan, wanda Gregorio Weber da Fay Farris suka haɗa a 1979. A saikuloheksen yana shan haske a kusan 342, yana ƙyalli a 401. Wato 29,240 a cire 24,940, tazarar Stokes kusan 4,300 cm⁻¹. A ruwa yana sha a kusan 364, yana ƙyalli a 531: 27,470 a cire 18,830, kusan 8,640 cm⁻¹. Lura da yadda shan haske ya matsa da nanomita 22 kacal, ƙyalli kuwa da 130. Idan dukkan zanen ƙyallin za ka mayar zuwa lambar zango, sai ka ninka ƙarfin kowane ɗigo da λ² (λ shi ne tsawon zangon ɗigon), kuma hakan yakan ɗan matsar da ƙololuwar.

Yanzu kana buƙatar lambar da za ta wakilci kowane ruwa. Ernst Lippert a Jamus da Noboru Mataga a Japan, a tsakiyar shekarun 1950, sun yi amfani da wannan:

Δf = (ε − 1)/(2ε + 1) − (n² − 1)/(2n² + 1)

A nan ε ba ta dokar Beer da Lambert ba ce, lambar dayalektirik ce ta ruwan, n kuma ma'aunin karkatar haskensa. Kashi na farko ya ƙunshi duk martanin ruwan, na biyu ya cire martanin elektron ɗinsa mai sauri, abin da ya rage shi ne juyawar ƙwayoyin da muka yi bayani. Za ka samu kusan sifili a saikuloheksen, 0.013 a toluwin, 0.20 a etil asitet, 0.21 a THF, 0.22 a daikulorometen, 0.26 a DMSO, 0.29 a etanol, 0.305 a asitonaitiril, 0.31 a metanol, 0.32 a ruwa.

Zana tazarar Stokes a tsaye, Δf a kwance. Ja layi ta cikin ɗigon gida na farko kawai, waɗanda ba sa bayar da ɗaurin haidurojin. Gangarar layin ita ce 2(Δμ)²/hca³ a ma'aunin cgs (santimita, giram, daƙiƙa), inda h lambar Planck ce, c saurin haske, Δμ shi ne bambancin daifol tsakanin matakan biyu, a kuma radiyon kogon da ake ɗauka rinin yana zaune a ciki. Ina ba da shawarar a yi hattara da Δμ da ke fitowa daga nan. Lissafin yana ɗaukar ƙwayar rini a matsayin ƙwallo, alhali yawancinsu dogaye ne masu faɗi, kuma kuskuren kashi 10 cikin 100 a zaɓen a yana zama kusan kashi 15 a Δμ. Gangarar kanta ta fi aminci, musamman wajen kwatanta rini biyu masu kama da juna.

Sake zana bayanan da ma'aunin ET(30), wanda ake samu ta raba 28,591 da ƙololuwar rinin Reichardt a nanomita. Toluwin 33.9 ne, THF 37.4, daikulorometen 40.7, asiton 42.2, DMSO 45.1, asitonaitiril 45.6, etanol 51.9, metanol 55.4, ruwa 63.1. Dubi asitonaitiril da metanol: a Δf kusan ɗaya suke, a ET(30) kuwa akwai kusan 10 tsakaninsu, domin wannan ma'auni yana jin ɗaurin haidurojin. Idan rininka ya nuna ƙyalli iri ɗaya a waɗannan ruwaye biyu, folariti kawai yake ji. Idan ya bambanta, ɗaurin haidurojin na aiki. Wannan kwatanci na ruwa biyu kaɗai yakan faɗi abin da dogon lissafi zai faɗa. Mai son rarrabe tasirin dalla-dalla sai ya koma ma'aunan Kamlet da Taft, α da β da π*, amma fa wannan yana buƙatar ruwaye da yawa, in ba haka ba lissafin zai dace da komai ba tare da ya bayyana komai ba.

Mataki na bakwai: ɗigon da suka ƙi hawa layi

A nan ne ainihin ilimin rininka yake. Kada ka goge ɗigo don layi ya yi kyau, bi shi ka gano dalilinsa.

Idan alkohol da ruwa ne suka hau sama da layi, ɗaurin haidurojin ne. Tabbatar da shi ta ƙara etanol kaɗan-kaɗan, daga kashi 0.1 zuwa 3 cikin 100, a haɗin saikuloheksen. Wannan adadi bai isa ya sauya lambar dayalektirik sosai ba, don haka babban sauyi a ƙyalli yana nuna haɗuwa ta kai tsaye tsakanin rini da etanol.

Idan sabon tudu ya bayyana ko launi ya ɓace, tuhumi sauyin siffar sinadarin. Rodamin B a ruwa maras folariti kuma maras ɗaurin haidurojin yana rufe zobensa ya zama lakton maras launi, a alkohol ya buɗe ya dawo da launinsa. Fuloresin yana da pKa, wato pH ɗin da siffofinsa biyu ke zama rabi da rabi, kusan 6.4, kuma siffarsa mai caji biyu ce ke shan haske a 490 tana ƙyalli da ƙarfi. Ɗiga ɗan tirayetilamin a kubet ɗaya, ɗan asid a wata. Idan zanen ya sauya, kuma duk zanukan suka ratsa ta ɗigo ɗaya, siffofi biyu ne ke musanya.

Idan matsalar a ruwa take ko a heksen, inda rinin bai cika narkewa ba, duba dunƙulewa. Metilin bulu a ruwa yana da ƙololuwa a 664, amma yana ƙara yawa sai wata ta taso a kusan 610, ta ƙwayoyi biyu da suka manne. Irin wannan dunƙulewa ta fuska da fuska tana matsawa wajen shuɗi tana kashe ƙyalli. Akwai wata kuma, wadda Edwin Jelley da Günter Scheibe suka gano a rinin sayanin a shekarun 1930, mai ba da siririyar ƙololuwa wajen ja. Gwajin duka ɗaya ne: sirka sau biyu, sau biyar, sau goma. Idan siffar zanen ta sauya da sirkawa, ko A ta ƙi bin yawan rini a layi miƙaƙƙe, dunƙulewa ce.

Kauri ma yana da nasa. Rini irin su tiyofilabin T da malakait girin suna da ɓangaren da ke juyawa, kuma ta wannan juyawa suke zubar da makamashi ba tare da haske ba. A metanol kusan ba sa ƙyalli, a gilisarol suna haskawa, alhali folaritin ruwayen biyu ba shi da nisa sosai. Haɗa metanol da gilisarol a kashi daban-daban ka gani. Haka kuma idan aka daskarar da samfur ya zama gilashi a kelbin 77, ƙwayoyin ruwan ba sa iya juyawa, sai ƙyallin ya koma wajen shuɗi.

Wasu rinin kuma matakin sama biyu gare su. Sanannen misali shi ne DMABN, wanda a ruwa maras folariti tudu ɗaya yake bayarwa, a mai folariti kuma wani ya taso wajen ja. A 1973 Grabowski da abokan aikinsa a Foland suka bayyana shi da murɗewar rukunin amin tare da cikakkiyar ƙaurar caji. Idan zanenka na Lippert da Mataga ya karye gida biyu masu gangara daban, wannan na cikin abin da za ka yi tunani.

Na ƙarshe iskar oksijin. Ruwayen oganik suna riƙe ta fiye da ruwa sau da yawa, kusan milimola 2 a yawancinsu idan suna buɗe ga iska, ruwa kuwa kusan 0.27. Rinin da ke daɗewa a matakin sama, kamar fairin, tana kashe masa ƙyalli sosai. Busa naitirojin ko agon a kubet na minti 10 zuwa 15, ka rufe, ka sake aunawa. Duba A bayan busawa, domin ruwa mai saurin bushewa zai ragu, rinin ya ƙara yawa.

Mataki na takwas: rabon ƙyalli

Bayan inda ƙyalli yake, sai yawansa: cikin hasken da aka sha, kashi nawa ya dawo. Ana kwatantawa ne da rinin da aka san rabonsa. Kwinin salfet a asid na salfurik mai mola 0.5 yana da kusan 0.55, rodamin 6G a etanol kusan 0.95, fuloresin a NaOH mai mola 0.1 sama da 0.9. Zaɓi wanda ke shan haske da ƙyalli kusa da rininka. Kada kuloraid ya kusanci kwinin, yana kashe shi.

Φ = Φr × (I/Ir) × (Ar/A) × (n²/nr²)

Φ shi ne rabon ƙyalli, harafin r yana nuna rinin kwatance, I shi ne faɗin filin da ke ƙarƙashin zanen ƙyalli da aka gyara, A kuma shan haske a zangon da aka haska. Kada ka bar n². Tsakanin toluwin mai 1.497 da ruwa mai 1.333, wannan kaɗai kashi 26 cikin 100 ne. Ya fi kyau ka haɗa samfur huɗu ko biyar masu A daga 0.02 zuwa 0.1, ka zana I da A, ka yi aiki da gangarar layin maimakon ɗigo ɗaya. A rini masu ƙaurar caji za ka ga rabon yana faɗuwa yayin da ƙyalli ke matsawa wajen ja, domin ƙaramar tazara tana sauƙaƙa zubar da makamashi a matsayin zafi. Akwai masu akasin haka, waɗanda folariti ke sauya jerin matakansu na n-π* da π-π* har ƙyalli ya ƙaru.

Wajen rubuta sakamako, sa ƙololuwar shan haske da ta ƙyalli a nanomita da cm⁻¹, tazarar Stokes, ε na rinin, da rabon ƙyalli na kowane ruwa a jadawali ɗaya. A ƙarƙashinsa faɗi darajar tsabtar kowane ruwa da abin da aka sa masa na kariya, yadda aka busar da shi, yawan rini, zafi, zangon haskawa, faɗin ƙofofin haske, ko an gyara zanen ƙyalli, ko an cire oksijin, da rinin da aka kwatanta da shi tare da lambar da aka ɗauka masa. A zanen Lippert da Mataga nuna duk ɗigon, har waɗanda ba ka sa a lissafin layi ba, da alama daban, ka kuma rubuta a ɗin da ka zaɓa da yadda ka same shi.